Yadda Na Ƙera Wa Tsakar 'Yata Gida da Hannuna

"Abba, tsaka nake so." Da wannan autata ta tare ni wata Asabar muna fitowa daga shagon sayar da dabbobin gida a nan Lesta ta Ingila, inda abincin kifi kawai ya kai mu. Ni kuwa a Kano na tashi, inda in tsaka ta leƙo daga bayan kalanda takalmi ne ke yi mata sannu da zuwa. Da na ba Hajiyarmu labari a waya sai ta yi shiru, can ta ce, "Duk dabbobin Allah ka rasa abin kiwo sai tsaka? To ku dai riƙa rufe abinci."

Wadda yarinyar ta gani ba irin ta jikin bangonmu ba ce. Ita wannan rawaya ce mai ɗigo-ɗigon baƙi, shi ya sa Turawa suka laƙaba mata sunan damisa, ni ma tsakar damisa nake ce mata. Masana suna kiranta Eublepharis macularius. Asalinta busassun wurare masu duwatsu ne a Afganistan da Pakistan da Iran da arewa maso yammacin Indiya. Tana da fatar ido, tana ƙiftawa, tana rufe ido ta yi barci. Yatsunta ba su da abin nan mai manne wa bango, 'yan farata ne da su, don haka ba ta iya hawa gilashi. Babba takan kai santimita 20 zuwa 25, jelarta kuma ƙatuwa ce don a nan take tara kitse. In ta samu kulawa takan yi shekara 15 zuwa 20. Wannan lissafin ne ya sa na ce wa yarinyar ta sani fa, tsakar nan za ta iya raka ta har ɗakin miji.

Na duba kejin da suke sayarwa a shagon, na ga kuɗinsa, na ga kuma katako shida ne da gilashi biyu. Ina yaro na yi shekara uku ina riƙe wa kawuna katako a shagonsa na kafinta, sai na ce wannan kam ba zai gagare ni ba.

Kafin ka taɓa zarto, ga abin da ya kamata ya zauna maka a kai. Tsaka ba ta haɗa zafin jikinta da kanta kamar ni da kai. In tana son narkar da abinci sai ta je ta shimfiɗa cikinta a wuri mai ɗumi, in ya ishe ta ta koma wuri mai sanyi. Saboda haka dole gidan ya zama gefe ɗaya ɗumi, ɗaya gefen sanyi, tsakiya kuma tsaka-tsaki. Tsawon akwatin, inda za ka huda tagar iska, inda fitila za ta rataya, inda za ka ajiye kwanon ruwa, duk daga nan suke fitowa. Ƙaramin akwati ba ya rabuwa gida biyu, fitila ɗaya za ta gasa shi baki ɗaya, dabbar ta rasa inda za ta gudu. Shi ya sa na yi nawa santimita 90 a tsawo, 45 a faɗi, 45 a tsaye. Kuma na tsaka ɗaya ne tak. Maza biyu in suka haɗu sai sun ji wa juna ciwo, matan ma ba kewar juna suke yi ba.

Katako na zaɓa maimakon gilashi zalla, don sanyin Ingila ba ya wasa, katako kuma ya fi riƙe ɗumi. Na sayi irin allon nan mai farin rufi mai santsi da ake yin kabad ɗin kicin da shi, mai kaurin milimita 18. Filawud ma yana yi, sai dai dole ka shafe shi da banish mai haɗin ruwa sau uku, ka bar shi ya sha iska har warin ya tafi. Abin da za ka guje wa shi ne katakon sida da ɗanyen katakon fain, masu ƙamshin nan. Man da ke ba su ƙamshi yana cutar da numfashin dabbobi masu jan ciki.

Awon da na ba mai yanka shi ne: rufi da ƙasa, kowanne 90 da 45. Gefe biyu, kowanne 45 da 41.4, don tsakanin rufi da ƙasa za su zauna, kaurin allo biyu kuma ya ci santimita 3.6. Baya 86.4 da 41.4. Sai 'yan sirara biyu na gaba masu tsawon 86.4: na ƙasa faɗinsa 10, shi ne dokin ƙofa da zai tare ƙasar ciki kada ta zubo, na sama kuma faɗinsa 6, shi ke ɓoye fitilu kada su riƙa dukan idon mai kallo. In shagon da ka sayi allon suna yanka da inji, ka bar su su yanka. Zarton hannu yana ɓantare farin rufin, aikin ya fito kamar ɓera ya gwaigwaye shi.

Tagogin iska ka huda su tun allon yana kwance, kafin haɗawa. Na yi huɗu a allon baya, zagayayyu masu faɗin santimita 7: biyu can sama ta gefen ɗumi, biyu ƙasa-ƙasa ta gefen sanyi, amma sama da inda ƙasa za ta tsaya. Iska mai zafi sama take tashi, tana fita ta na sama tana jawo sabuwa ta na ƙasa, ba sai da fanka ba. Akwai marfin roba mai raga da ake sayarwa daidai wannan ramin. Sannan ka ɗan fafe gurbi biyu ko uku a saman allon baya inda wayoyi za su wuce. Ka tuna kan fulogi ba ya bi ta ƙaramin rami, shi ya sa gurbin bakin allo ya fi rami a tsakiya: ka kwantar da waya a ciki, rufi ya danne ta.

Wajen haɗawa, irin wannan allon garin katako ne aka matse, in ka tura masa sukuru kai tsaye sai ya tsage. Ka fara huda siririn rami na milimita 3, sannan sukuru mai tsawon santimita 4 ya bi, kuma kada ka matso kusa da kusurwa fiye da santimita 5. Na fara da ƙasa da baya, sai gefe biyu, sai siraran gaba, rufi ne ƙarshe. Kafin ka ɗaure sukurun tamau, ja tef daga kusurwa zuwa kishiyarta, sannan ka ja ta ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo ɗaya, akwatin ya miƙe. In bai zo ba, gilashi ne zai tona maka asiri, don zai bar ƙafa a gefe. Kawuna yakan ce katako yana yafiya, gilashi ba ya yi.

A kan silikon na fara yin ɓarna. Dole a toshe duk mahaɗar ciki da shi, domin in ruwa ya sami bakin allon nan sai ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi. Ina da ragowar wanda na gyara banɗaki da shi, na ce ai silikon silikon ne, na bi kusurwa-kusurwa na shafe tsaf. Washegari ina jefar da kwalbar idona ya faɗa kan rubutun da ke jiki: an haɗa shi da maganin kashe fumfuna. Wannan maganin guba ne ga dabbar da za ta riƙa lasar bango. Yini guda na yi da reza ina kankarewa, yarinyar tana tsaye a kaina tana tambaya ko an fasa ne. Wanda ake so shi ne silikon na tankin kifi, wanda ba a sa masa komai ba. Ka ja shi siriri, ka jiƙa yatsa ka bi ka lallashe, sannan ka bar akwatin a buɗe. Zai riƙa wani wari mai tsami mai hawa hanci. Kwana biyu ne mafi ƙaranci, amma hancinka ne alƙali: ka zura kai ciki, in da sauran tsami, da sauran jira.

Ƙofa ta gaba ce, gilashi biyu masu zamewa. Dalili kuwa, a daji abin da ke cin tsaka daga sama yake zuwa, hannun da ya sauko mata ta ka tsoro yake ba ta. Ana sayar da layin roba mai kwari biyu na gilashin milimita 4. Ka lura, biyun ba ɗaya ba ne: mai zurfi na sama ne, marar zurfi na ƙasa. Haka ne zai ba ka damar cusa gilashi sama, ka sake shi ya zauna a na ƙasa, ka kuma cire shi in za ka wanke. Faɗin kowane gilashi 45.7 na yi, don su hau kan juna da santimita 5 a tsakiya.

Tsayin gilashin kuwa, kada ka yarda ka lissafa shi a takarda. Ni na lissafa, na aika aka yanko mini gilashin da aka gasa don ƙarfi, tun kafin in manna layin. Da ya iso sai ya fi wurin da milimita uku. Uku kacal. Irin wannan gilashin kuma ba ya sake yankuwa, in an taɓa shi rugurgujewa yake yi. Sai da na sake biya, waɗancan biyun suna nan bayan kabad har yau. Abin da ya kamata: manna layin, bar shi ya bushe, ka yanki kwali mai tauri ka gwada shi a wurin har ya shiga ya zame ba ya faɗowa, sannan ka kai wa mai gilashi kwalin. Ka ce ya goge bakin kada ya yanki yara.

Yanzu wuta, wadda ita ce ran aikin. A rufi ta gefen dama na ɗaura mariƙin kwan fitila na tangaran, don na roba narkewa yake. Na sa kwan halojin mai wat 35, na rufe shi da kejin waya. Kada ka ce ai ba ta hawa bango: ba ta hawa gilashi dai, amma duk abin da farce zai kama tana hawa, kwan nan kuma yana ƙona fata. A ƙarƙashinsa na ajiye faffaɗan baƙin dutse. Dutsen yana shan zafi da rana, ya riƙe shi har bayan an kashe fitila, daidai lokacin da ita ke fitowa, don dabbar magariba da asuba ce.

Kwan ba ya shiga soket kai tsaye. Ta cikin tamostat yake bi, wato na'urar da ke da ɗan kan waya mai jin zafi, tana rage wuta ko ta ƙara. Ga kwan fitila, irin mai dusashe haske a hankali ake saye, don mai kashewa da kunnawa zai mayar maka da ɗaki kamar motar 'yan sanda. Kan wayar na ɗaure shi a gefen dutsen yadda ba za ta ture shi ba. Tamostat ɗin ya fi duk katakon tsada, na kuma biya ban yi ciniki da zuciyata ba, domin akwatin katako ne da wuta a ciki, a ɗakin da 'yata ke kwana. Abin da nake nema: saman dutse digiri 30 zuwa 32, gefen sanyi 23 zuwa 25, da dare kuma komai a kashe muddin ɗakin bai sauka ƙasa da 18 ba. In gidanka yana yin sanyi fiye da haka, akwai kwan tangaran mai ba da zafi ba haske, shi ma ta tamostat. Jan kwan da ake cewa na dare ne, bar shi a shago, tana ganinsa sarai. Haka dutsen roba mai waya a ciki, ya sha ƙona cikin dabbobi.

Kusa da halojin na sa siririyar fitilar UVB (wani ɓangaren hasken rana ne da idonmu ba ya gani) mai rauni, Arcadia ShadeDweller mai kashi 7, wadda aka yi don dabbobin da ba sa zama cikin rana tsantsa. Da wannan hasken fata ke haɗa bitamin D3, da shi kuma jiki ke ɗaukar kalsiyam. In babu, ƙashi yana laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su karkace, kuma abin da ya karkace ba ya komawa. Dole fitilar ta kasance a ciki, domin UVB ba ya ratsa gilashi, ajiye akwati a bakin taga ba ya maganin komai sai ma dafa dabbar. Tawa tana kimanin santimita 30 daga ƙasa, ta kuma rufe rabin tsawon gidan kawai don a sami inuwa. Ana canza ta duk shekara ko da tana haske, ni da alƙalami nake rubuta ranar a jikinta. Fitilun biyu suna kan agogon soket, awa 12 a kunne, 12 a kashe.

Bangon duwatsu na baya ba dole ba ne, amma shi ne inda na fi jin daɗin aikin. Farin soson nan mai tauri da ake naɗo firji da talabijin a ciki na samu, na yayyanka da wuƙar burodi, na manna da silikon ɗin kifi, na fitar da 'yan matakai da baranda biyu. Kada ka kai su sama sosai, nawa mafi tsayi bai wuce santimita 15 daga ƙasa ba, don ita gwanar hawa ce amma ba gwanar sauka ba. Sai na kwaɓa simintin cike tsakanin tayil na shafa sau uku da buroshi: na farko ruwa-ruwa kamar koko don ya shiga ko'ina, na biyu kamar kunun gyaɗa, na uku da kauri kamar ƙullun ƙosai, kowanne da kwana guda a tsakani. A na ƙarshe na barbaɗa yashi tun yana ɗanye don farce ya sami abin kamawa, sannan banish mai haɗin ruwa. Fenti mai fetur ko na feshi kuwa cinye soson yake yi nan take. Ka tabbata ba inda fari ya leƙo, don gyaren da ake ba ta ta ci yana gwaguyarsa, kuma kada ka bar rata a baya. Duk ramin da kanta zai shiga, jikinta zai bi, sai ka ɓalle bangon kafin ka fito da ita. Ta wajen fitila kuma na bar tazara mai kyau.

Maganar abin shimfiɗa a ƙasa ita ce inda masu kiwon nan suke faɗa kamar 'yan siyasa. Ga inda na tsaya. Makonni shida na farko takardar goge hannu na shimfiɗa, don in riƙa ganin kashinta in san lafiyarta: baƙi-baƙi mai tauri da ɗan fari a gefe, shi ne daidai. Bayan nan na zuba haɗin ƙasar lambu wadda ba taki ba magani, kashi 7, da wankakken yashin wasan yara, kashi 3, zurfin santimita 7 zuwa 8, na yayyafa ruwa na danne, na bar shi ya bushe ya yi tauri kamar daɓe. Zallan yashi ban yarda da shi ba. Mutane suna jin an ce dabbar busasshen wuri sai su hango rairayin Sahara, alhali ƙasarsu tsandauri ce da tsakuwa. Yashin kalsiyam mai launi-launi ya fi muni, don tana lasarsa da gangan ya toshe mata hanji. Wanda ba ya son wahala ya shimfiɗa tayil marar santsi, ya wadatar.

Abu ɗaya da ba na so ka manta: duk dutse mai nauyi a kan katakon ƙasa zai zauna, sannan a zuba ƙasa a kewaye shi. In ka ɗora shi a kan ƙasa, za ta tona ƙarƙashinsa ya danne ta.

Maɓoya uku ake yi mata. Ɗaya a gefen ɗumi, nawa rabin tukunyar fulawa ce ta yumɓu da na fasa na goge bakin, kamar kasko a kife. Ɗaya a gefen sanyi, ɓawon itace. Na uku shi ne mai laima, a tsakiya ya ɗan karkata wajen ɗumi: robar abinci mai murfi, na huda ƙofa mai faɗin santimita 5 a gefe, na goge bakin da samfefa, na zuba jiƙaƙƙiyar gansakuka a ciki. Sauran gidan a bushe ake son sa, laimar iska kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, amma wannan ɗakin kullum da danshi. Amfaninsa ranar saɓa ne. Za ka ga ta yi fari fat kamar an bulbule ta da toka, ta shige ciki, ta fito sabuwa, ta kuma cinye tsohuwar fatar. In babu laima, saɓar takan maƙale a yatsu ta shaƙe su kamar zare har yatsan ya mutu ya faɗi. Da yawa daga waɗanda ake sayarwa hannu na biyu za ka ga yatsunsu guntaye, wannan ne sanadi. Sai kwanon ruwa marar zurfi a gefen sanyi, da murfin kwalba da garin kalsiyam a ciki.

Da komai ya kammala, ban kawo ta ba. Mako guda gidan ya yi yana aiki ba kowa a ciki, ina aunawa safe da rana da tsakar dare. Ma'auni biyu masu lamba na sa, ɗaya kowane gefe, don masu allurar nan da ake mannawa a bango ƙarya suke yi. Zafin saman dutse kuma da bindigar auna zafi nake duba shi. In irin ta lokacin korona ce a gidanka, sai ka juya ta zuwa awon kaya, in ba haka ba lissafin goshin mutum za ta riƙa ba ka. A rana ta biyu na tarar gefen sanyi ya kai 27, ashe na jingina akwatin da bututun ɗumama ɗaki. Da na matsar da shi ɗaya bangon sai ya sauko 24.

Wani abokina a Kaduna da ya ga hoton ya tambaye ni ko zai yiwu a can. Aikin katakon ɗaya ne, amma damuwarsa kishiyar tawa ce. A watan Afrilu ɗakinsa kansa ya wuce zafin dutsena, ga wuta ba tabbas. Shi gefen sanyi ne zai yi wa wahala: rufin raga maimakon katako, ɗaki mafi sanyi a gidan, da ƙasa mai zurfi da za ta tona ta shige. Na kuma gaya masa tana da 'yar uwa a dazukan Afirka ta Yamma, daga Senegal har Kamaru, mai ƙatuwar jela da fatar ido ita ma, launinta ruwan ƙasa mai ratsi-ratsi, sai dai waccan ta fi son laima.

Ranar da muka kawo ta, ta shige kaskon nan ba mu sake ganinta ba sai bayan kwana uku, abinci ma ba ta taɓa ba sai a na biyar. Haka suke yi, a ƙyale su kawai. Na kafa wa yarinyar doka biyu: ba a kama ta ta jela don tana yar da ita in ta tsorata, kuma duk wanda ya taɓa ta ko kayanta sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci, saboda dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar salmonela. Nan kam maganar Hajiya ta fito.

Abin da ban yi tanadinsa ba shi ne gyare. Tsakanin gilashin nan biyu inda suka hau juna akwai 'yar rata, tsaka ba ta wucewa, amma abincinta yana wucewa. Ɗaya ya fice ya tare a bayan firji, ya yi mako yana raira mana waƙa daga sha biyun dare. Uwargida ta ce, "Malam, ko ka kamo shi, ko ka ɗauki filo ka je ku kwana tare." Na sayo siririn soson toshe ƙofa na manna a bakin gilashin ciki, na kuma koma ciyar da ita da fara, ina miƙa mata da hantsaki, ɗaya bayan ɗaya, bayan na barbaɗe su da kalsiyam.

Tsakar damisa wuri ɗaya take zaɓa ta riƙa kashi, ba ta canzawa. Na tanadar mata gutsuren tayil a can kusurwar baya ta gefen sanyi, inda ido ba ya kaiwa. Ita kuwa ta zaɓi gaba, jikin gilashi, daidai inda baƙo ke fara leƙawa. Sai na ɗauko tayil ɗin na dawo da shi nan.